Aisin Warware Sautin MP3

Aisin warware sautin MP3 ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ce da aka ƙera don aiki guda: ta karɓi sautin da aka matse, ta mayar da shi yadda kunne zai ji. An fitar da ƙa'idar MP3 a 1993, kuma cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus ce ta yi mafi yawan aikin. Faifan CD yana fitar da kusan kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 kuwa yakan wadatu da 128, wato an matse shi wajen sau 11. Warware wannan matsi lissafi ne mai nauyi, ƙananan furosesa na wancan lokaci ba sa iya yinsa da ƙaramin batir, shi ya sa aka keɓe masa aisi na musamman.

A 1998 na'urorin aljihu na farko suka shigo kasuwa: MPMan F10 na kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu, da Rio PMP300 na Diamond Multimedia a Amurka, mai memori megabayit 32 da batir AA guda ɗaya. Dukansu da aisin MAS3507D na kamfanin Micronas suka yi aiki. Shi da STA013 na STMicroelectronics lambobi kawai suke fitarwa, sai an haɗa su da wani aisin da zai mayar da lambobin zuwa sauti. Kamfanin VLSI Solution na Tampere a Finland ya haɗe komai wuri ɗaya, har da abin tura iyafis.

Fayil ɗin MP3 gunduwa-gunduwa yake. Kowace gunduwa tana farawa da kai mai bit 32, tana ɗauke da samfurin sauti (awon ƙarfinsa lokaci-lokaci) 1,152, kimanin milisakan 26 a kan kilohaz 44.1. Aisin yakan nemo kan, ya warware lambobin Huffman (dabarar gajarta bayanai), ya dawo da girman layukan mitar sauti 576, ya raba sautin hagu da na dama, sannan ya bi da su ta matatun zango 32. Dole ya gama kafin gunduwar da ke fita ta ƙare.

Aisin VS1053b na VLSI Solution, mai ƙafa 48, shi ne misalin da masu haɗa na'ura suka fi sani. Yana aiki da kiristal mai megahaz 12.288, cikinsa yana cin bolt 1.8, ƙafafunsa 3.3. Bai san katin memori ba. Wata ƙaramar furosesa ce ke karanto fayil ta miƙa masa ta layin SPI, wato wayoyin da su biyun ke magana ta kai. Ƙafar XCS ta umarni ce, XDCS ta sauti, DREQ kuma ita ke cewa akwai gurbin aƙalla bayit 32. Rumbun cikinsa bayit 2,048 ne kacal. A kilobit 128 wannan milisakan 128 ne, a kilobit 320 kuwa bai wuce 51 ba. Nan ne mafi yawan matsala take: idan kati ya yi nawa, ko furosesa ta shagala da rubutu a allo, rumbun ya ƙare, sauti ya riƙa yankewa. Wanda kuma ya tura bayanai bai duba DREQ ba, za su zube, a ji ƙara. Sau da yawa aisin ake zargi alhali lafiyarsa ƙalau.

Akwai wasu kurakurai sanannu. Da zarar an kunna shi agogonsa a hankali yake tafiya, don haka SPI ma a hankali za a fara, sai an saita rajistar SCI_CLOCKF, wato gurbin da ke ƙayyade saurin agogon. Ƙafar GBUF, wadda ita ce mahaɗar iyafis, tana ɗauke da wajen bolt 1.2; haɗa ta da layin ƙasa na amfilifaya yana iya lalata aisin, sai a ɗauki sautin ta kafasito. Idan ƙafar GPIO1 na sama lokacin tashi, zai faɗa yanayin MIDI, na karɓar umarnin kiɗa, ya yi shiru da MP3.

Tun iPod na 2001, mai furosesar ARM ta PortalPlayer, aikin ya fara komawa hannun manhaja, kuma a 2017 aka rufe shirin lasisin MP3. Amma irin wannan aisi bai ɓace ba. Ƙananan rediyoyi da sifikun Bluetooth masu ramin memori da suka cika kasuwannin Kano da Maraɗi galibi aisi ɗaya ne a cikinsu, irin na kamfanin JieLi na Sin, wanda ke karanta kati, ya warware MP3, ya kama Bluetooth shi kaɗai.