Tudun rage gudu a layin unguwa: a yi shi, amma bisa ƙa'ida

Mu ma'aikatan lafiya mun san lokutan da aka fi kawo mana yaran da abin hawa ya buge: da safe ana tafiya makaranta, da yamma an taso daga Islamiyya. Sau da yawa a ƙofar gida abin ke faruwa, musamman a layin da ya samu sabuwar kwalta, inda direbobi da 'yan acaɓa ke ratsewa don kauce wa cunkoso.

Gudu ne ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin mutum goma da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, tara sukan rayu. Idan gudun ya kai 45, ko rabi ba sa tsira. Direba na iya kau da kai daga allon gargaɗi, amma tudu dole ya sa shi taka birki. A Gana, 'yan tuddan da aka jera a mahaɗar Suhum, kan hanyar Akara zuwa Kumasi, sun rage haɗurra da kashi 35 cikin ɗari, mace-mace kuma da kashi 55.

Matsalarmu ita ce irin tudun da ake yi cikin fushi. Yau an buge yaro, gobe matasa sun gicciya gungumen itace, ko sun kwaɓa siminti sun yi kunya mai tsini kamar ta dankali. Ba fenti, ba alama. Da dare ɗan acaɓa ya ci karo da ita, a kawo mana shi da karaya. Mai naƙuda a adaidaita sahu ma tana jin jiki, motar asibiti kuma sai ta tsaya cak. Wani layin ma kowane mai gida da nasa tudun.

Tudun kirki faɗi gare shi, ba tsini ba. Tsayinsa kada ya wuce santimita 10, hawansa da gangararsa su kai kusan mita uku da rabi, yadda mota za ta haye a hankali ba tare da ƙasanta ya gogu ba. A shafa masa fenti fari ko rawaya, a kafa allo kafin a iso shi, a bar wa ruwan sama hanyar shiga kwata don kada ya kwanta sauro ya samu gida.

Iyaye, idan layinku na buƙatarsa, ku haɗu da mai unguwa ku rubuta wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ku nemi jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su zo su duba wurin da ya dace. A fara da ƙofar makaranta, masallaci da asibiti.