Tiyatar ƙaramin yanki a karayar ƙashin ƙugu

Tiyatar ƙaramin yanki hanya ce ta ɗaure karyayyen ƙashin ƙugu da kusoshin ƙarfe masu murɗi, waɗanda ake zura su ta wurin da aka yanka a fata, wanda bai fi santimita ɗaya ko biyu ba, likita na duba hoton ƙashi a kan allo. Ƙugu zobe ne na ƙasusuwa uku, kuma idan ya karye, galibi a haɗarin mota ko faɗowa daga bene, yakan zo da zubar jini mai yawa.

Tarihi

Likitan Faransa Joseph-François Malgaigne ya bayyana wata karayar ƙugu da ke ɗauke da sunansa a tsakiyar ƙarni na 19, amma har bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganinta bai wuce kwanciyar makonni da ɗaurin majanyi da ja da nauyi ba, da yawa kuma sukan warke da ɗingishi da ciwon tsatso. A shekarun 1980, bayan aikin likitan ƙashi Marvin Tile a Toronto, aka koma buɗe wurin a sa ƙarfe, sai dai babban yanki ta baya, inda fata ta riga ta murje, yakan ruɓe. Wannan ne ya sa aka nemi wata hanya. Likita Joel Matta ya bayyana kusar da ke haɗa ƙashin kwatangwalo da na gindin baya a 1989, majiyyaci na kwance rubda ciki, sannan a farkon shekarun 1990 likita Chip Routt na asibitin Harborview da ke Siyatil a Amurka ya yaɗa zura ta ta fata, majiyyaci na rigingine, abin da ya dace da wanda ya ji wasu raunukan. Sandar ƙarfe da ake binnewa ƙarƙashin fatar mara don riƙe gaban ƙugu ta zo daga baya, wajen 2009 zuwa 2012.

Yadda ake yi

Sai an mayar da ƙashin mazauninsa tukuna, domin kusa ba ta gyara karkata. Ana fara zura waya, a tabbatar da hanyarta a hoto ta fuskoki uku, sannan a bi ta da kusa mai rami a ciki, kaurinta milimita 6.5 zuwa 7.3.

Haɗari

Hanyar da kusar ke bi siririya ce, kuma jijiyoyin da ke sauka ƙafa suna dab da ita, ga shi surar ƙashin ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Ba a daidaita ba kan ko jagorar kwamfuta ta cancanci tsadarta, haka ma kan yi wa tsofaffi masu raunin ƙashi tiyata da wuri.