Wankin Ƙoda: Me Ya Sa Nas Ba Ta Gajiya Da Canza Safar Hannu?

Masu raka 'yan uwa wankin ƙoda a nan Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani wuri, sukan yi waɗannan tambayoyi a bakin ƙofa. Ga amsoshinsu.

Me ya sa ɗakin wankin ƙoda ya fi sauran ɗakuna tsauri?

Saboda jini ne a waje. Ana fitar da shi ta roba, na'ura ta tace, a mayar, wajen awa 4 a zama guda, kuma ka'ida sau 3 a mako. Ga masu ciwon ƙoda garkuwar jikinsu ta riga ta yi rauni.

Ita safar hannun, ba ɓarna ba ce a cire ta alhali ba ta ɓaci ba?

Ido ne bai ga ɓacin ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 da ranta a busasshen jini, a kan maɓallin na'ura ko hannun kujera, ɗigon da ko ka ƙura ido ba za ka gani ba. Nas ta taɓa na'urar Baba, ta juya ta taɓa allurar Inna da safar nan, shi ke nan ta yi dakon cuta. Don haka take cirewa, ta wanke hannu, ta sa sabuwa: daƙiƙa 20 zuwa 30 in da man goge hannu ne, 40 zuwa 60 in da sabulu da ruwa. A ganina wankin hannun ya fi safar muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa in aiki ya yi yawa.

Don me ake ware wasu da na'urarsu daban?

Masu ciwon hanta nau'in B ne, ba ƙyama ba ce. Shi ya sa ake gwajin jini kafin a fara, ake kuma son nas da mara lafiya su yi rigakafinsa.

Robar da ake sawa a wuya don fitar da jini da mayar da shi fa?

Nan ne babbar ƙofar cuta, don kai tsaye take shiga babbar jijiya. Kafin nas ta buɗe murfinta sai ta sa takunkumi, ta sa wa mara lafiya, ta dirje bakin robar da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, gumi kan ɗaga filastar da aka rufe wurin robar da ita tun kafin a kai gida. Lokacin hunturu kuma ga ƙura. In ta jiƙe ko ta ɗaga, a koma asibiti, kada a liƙa ta da hannu. Wanka ma sai da dabara. Haɗin jijiya da ake yi a hannu ya fi wannan roba aminci nesa ba kusa ba.

Wace alama ce ba a kwana da ita?

Zazzaɓi, rawar sanyi ana cikin wankin ko bayansa, ja ko ruwa a bakin robar. A faɗa wa nas nan take, kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis.