Layukan da ke jikin kaya ba lambar 666 ba ce

Jama'a, tun da daɗewa ana yawo da maganar wai layukan baƙi da fari da ake bugawa jikin sabulu da madara lambar 666 ce aka ɓoye, alamar dabbar ƙarshen zamani. Nan Sakkwato ma muna jin ta wajen maƙwabtanmu Kirista, kuma tsoron Allah ne ya sa suke faɗa.

Lambar tana cikin Ru'ya ta Yohanna sura 13 aya 18, littafin ƙarshe a Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka rubuta a ƙarni na farko, su kuwa layukan sai 1974 aka fara sayar da kaya da su a wani shago a Amurka. Dogayen layukan nan na farko da tsakiya da ƙarshe da ake cewa 6 ne, ba lamba ba ce sam, iyaka ce da ke nuna ma na'ura inda za ta fara karatu da inda za ta tsaya. Kama kawai suka yi da zanen 6.

Masana da yawa suna ganin Nero sarkin Rum mai gallaza ma Kiristoci ake nufi, don a Ibrananci kowane harafi yana da lambarshi, in an lissafa haruffan sunanshi, Kaisar Nero, 666 ke fitowa, wasu tsofaffin kwafin littafin ma 616 suka rubuta.

Ka ɗauki gwangwanin madara ka duba, babu lamba ƙarƙashin dogayen layukan. Ka karanta surar duka da kanka, kada ka tsaya ga guntun saƙon WhatsApp.

Don Allah a tura ma 'yan uwa su ma su gani.