Wai matashin roba mai iska zai sa yaro mai ADHD ya natsu a aji?

Shi wannan matashin mene ne ma tukuna?

Wani faifan roba ne zagaye, faɗinsa kamar santimita 33 zuwa 35, ana hura masa iska kaɗan, gefe ɗaya da ƴan ƙuraje-ƙuraje ɗayan kuma sumul. Ana ɗora shi kan kujera ko benci yaro ya zauna, sai ya riƙa ɗan lilo da shi, jikinsa na ta gyara zama amma bai tashi daga wurinsa ba.

Yaron da ake fama da shi ya zauna, kuma sai a ba shi abin rawa?

To ai nan ne mutane ke mamaki. ADHD ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma aljanu ba, yanayin ƙwaƙwalwa ne da ke sa yaro kasa riƙe hankali kan abu ɗaya da yawan ƙiriniya da yin abu kafin tunani, kuma kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da shi. Shi irin wannan yaron motsin nan da ke ba malami haushi sau da yawa shi ke taimaka masa ya bi karatu. A 2015 masu bincike a Jami'ar Central Florida ta Amurka sun ga yara maza masu ADHD sun fi riƙe abu a ka lokacin da suke yawan motsi, sauran yaran kuwa akasin haka. Kenan in ka ce masa zauna ƙyam ko ka sha bulala, duk ƙarfinsa zai tafi wajen danne jikinsa, abin da ke kan allo ya wuce shi.

Gaskiya yana aiki ko dai talla ce?

Ni dai ra'ayina, a gwada amma kar a sa rai da yawa. An yi wani bincike a Amurka a 2008 kan ƴan aji biyu na firamare su 63 masu matsalar natsuwa, wasunsu suka zauna kan matashin awa 2 kullum har sati 2, malamai suka ce sun ga canji. Sai dai sati 2 ba wani lokaci ba ne, kuma malaman sun san wa ke kan matashin, wa ba ya kai. Wasu ƙananan binciken da suka biyo baya ba su ga wani bambanci ba. Wani yaron ya karɓe shi, wani kuma ya mai da shi abin wasa ƙiriniyar ma ta ƙaru.

Mu ajinmu benci ne, yara huɗu a kai, wasu ma a ƙasa suke. Ya za a yi?

A sa yaron a ƙarshen benci na gaba kusa da malama, nesa da taga, don kar lilonsa ya riƙa ture hannun na kusa da shi suna rubutu rigima ta tashi. Dole tafin ƙafarsa ya taka ƙasa, in bencin ya yi masa tsawo a sa masa bulo ko katako. Kar a cika iska tam, in ta yi yawa sai ya yi ta tangal-tangal. A fara da minti 20 zuwa 30 lokacin lissafi ko rubutu sannan a ɗauke, ba wuni guda ba. Na ƙasa ma zai iya zama a kai kan tabarma. Sauran yara kuwa dole su ce su ma sai sun hau, gara ranar farko a bar kowa ya ɗana ɗokin ya wuce. Kuma kar a bar matashin a rana musamman zafin Maris da Afrilu, a ja kunne kan tsira masa biro ma.

Zai iya maye gurbin zuwa asibiti?

A'a fa. Ba kowane yaro mai rawar kai ke da ADHD ba, wani ba ya gani ko ji sosai ne, wani yunwa ko rashin barci. Likita zai duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, gida da boko da islamiyya. Mu nan Zariya ga Asibitin Koyarwa na ABU a Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna. In za ku je ku roƙi malamarsa ta rubuto abin da take gani a aji, don sai an tambaya.