Alhaji, wa ya ba shi mabuɗin?

Tambaya guda nake yi wa iyaye idan sun iso sashenmu na gaggawa cikin dare, hula a karkace, waya a kunne: wa ya ba yaron nan mabuɗin mota? A hankali nake yin ta, don na san halin da uba ke ciki a wannan lokaci. Amma shekarun da na yi ina aikin jinya a garin nan na Sakkwato, har yau ban ga wanda ya dube ni ya ce "ni ne" ba. Wani ya ce ɗauka ya yi ban sani ba. Wani ya ce direba ne. Wani ya ɗora wa uwar. Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne mai cewa, "Nan kusa fa na aike shi, ƙanƙara zai sawo."

Wannan ta ƙanƙara ita ce ta azumin da ya wuce, kuma ita ta sa nake wannan rubutu. Saura kaɗan a sha ruwa aka shigo mana da mutum uku a bayan a-kori-kura. Na farko yaro ne ɗan shekara 16, farar shadda, ƙamshin turare na tashi a jikinsa. Jakar iskar nan ta sitiyari ta tare shi, goshi kawai ya tsage, ɗinki huɗu muka yi masa. Na biyu ɗan kabu-kabu ne, ƙashin cinyarsa ya karye har ya ɓullo, silifas ɗaya a ƙafa, ƙaramar wayarsa na ta ringin a aljihun gaba ba mai hannun ɗauka. Ta ukun matar da ya goyo ce. Kular abinci ta riƙo za ta kai wa wani marar lafiya, miyar ta ɓata mata hijabi har muka fara zaton jini ne. Ita ba ta kai isha'i ba.

Mahaifin yaron ya iso, ya kama hannuna ya ce, "Malam, yaron dai lahiya lau ko?" Na ce lafiya lau, Alhaji. Ya yi hamdala. Ban ga laifinsa ba, kowa nasa ya sani. Sai da ya juya ya kira wani a waya yana tambayar ko an janye motar daga titi kafin jami'an kiyaye haɗurra su zo, sannan na ji wani abu ya tokare mini wuya. Gadon matar na bayansa, taku uku.

Iyayena, ku yi haƙuri da ni yau, faɗa zan yi.

Kalmar da ta fi kashe mana mutane ita ce "ai ya iya mota". Me ya iya? Ya iya tayarwa, ya iya fitar da ita daga gareji da baya, ya iya zagaya unguwa. Motocin yanzu otomatik ne, yaron firamare ma zai motsa su. Mu da muka tashi muka tarar da Fijo 504, sai ka sha wahalar kuloci da giya kafin ta yarda da kai, kuma idan ka matsa mata ita da kanta za ta gaya maka: ƙara, jijjiga, iska na dukan fuska. Benz ko Lexus ɗin da ke ƙofar gidanka ba ta gaya wa kowa komai. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, kiɗa na tashi, yaro ya ɗan taɓa totur allura ta wuce 100 shi yana jin kamar a falo yake zaune. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa guda. Kafin ƙafarsa ta bar totur ta sami birki ya wuce gida biyu. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce. Ku tsaya bakin Western Bypass ko titin Ahmadu Bello bayan la'asar ku gani da idonku ko akwai yaron da ya san da wannan.

Abin da bai iya ba shi ne hango abin da bai faru ba tukuna: akuyar da za ta tsallako, almajirin da zai fito daga bayan tirela, mai keke napep da zai karya kwana ba sigina. Wannan shekaru ke koyar da shi. Hankalin ɗan'adam ba ya gama nuna sai an haura ashirin, ku ma kun sani, shi ya sa ba ku ba shi ajiyar kuɗin shago ba. Kuɗin shago kun hana shi, amma kun miƙa masa ƙarfen da ya fi tan ɗaya da rabi nauyi ya shiga cikin jama'a. Doka ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasisin tuƙi a Najeriya, kuma tuƙin wanda bai kai ba laifi ne a wajen hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu ba sai an karanta mana ba, mu ke wanke jinin.

Hajiya, ke ma zan zo kanki. Sau nawa Alhaji ya hana, ya yi tafiya Abuja ko Umara, ke kika buɗe durowa kika ɗauko mabuɗin? "Kar ya ji kunya cikin abokansa." "Ɗan gidan wane ma yana ja." Na san son da kike masa. Ni ma ina da saurayi a gida, kullum idonsa na kan babur ɗina, kuma na san yadda yaro ke marairaicewa har ka ji kamar kai ne azzalumi. Ya yi fushin. Ya ƙi cin tuwo kwana biyu. Fushi ba ya kawo kowa sashenmu. Na ga uwar da ta zauna a ƙasan baranda tana maimaita "ni na ba shi, ni na ba shi" har gari ya waye, ita kaɗai ce na taɓa ji ta amsa tambayar, kuma lokacin ba wanda ya tambaye ta.

Sai bikin aure. Wannan wasan mota da ake yi wajen kai amarya, yara su cika mota har a kan taga, a juya ta tana kuka tana tayar da ƙura, wasu na ɗauka a waya don TikTok, manya na tsaye suna murmushi wai yara ne. Motar wa? Man wa aka zuba? Haka ranakun Sallah, haka ranar da aka gama jarrabawar WAEC ko NECO. Mun san waɗannan ranaku kamar yadda manomi ya san damina. Wani lokaci kuma idan muka duba idon direban sai mu ga ba gudu kaɗai ba ne, an haɗa da Tramadol ko wani abin. Wannan zance ne na wata rana.

Kada masu babur su ce ba da su nake ba. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, a ba shi babur ya goya ƙannensa biyu zuwa Islamiyya, duk mabuɗi ne.

Na san abin da za a ce: ƙaddara. Wallahi na yi imani da ita, wanda ke aiki inda nake aiki ya fi kowa ganin ikon Allah. Amma tun muna makarantar allo aka koya mana cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma addinin da muke fakewa da shi bai ɗauki kisan kuskure da wasa ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere. Diyyar rai raƙuma 100 ce, kuma a kisan kuskure dangin uba ake bi. Ku je ku tambayi malamanku mene ne matsayin uban da ya san ɗansa bai kai ba ya miƙa masa. Abin da muka saba gani dai shi ne a tura dattawa gidan mamaci da buhun shinkafa da ambulan, talaka ya sunkuyar da kai ya ce mun yafe, don ba ya iya cewa komai a gaban manya. Marayun kuma su ci shinkafar ta ƙare. A wasu ƙasashe abin ya fara canzawa. A 2024, a birnin Pune na Indiya, yaro ɗan shekara 17 ya take mutum biyu da ke kan babur da motar Porsche suka mutu, 'yan sanda suka kama uban. Ni ba zan yi baƙin ciki ba idan aka fara haka a nan.

Shi kansa yaron, kuna zaton ya tsira? Wancan na azumi ya dawo bayan mako a cire masa zare. Ya rame. Bai ɗaga kai ba har na gama. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ni cikin raɗa, "Baba, matar nan tana da yara?" Na ce masa ban sani ba. Ƙarya na yi, uku ne, na gan su ranar da aka zo ɗaukar gawa. Ɗan shekara 16 ne fa, da wannan zai kwana har tsufansa, kuma ba shi ya sayi motar ba.

To, ga abin da nake roƙo, a gurguje don aiki na jirana:

- Mabuɗi a aljihunka ko a kulle. Har da na biyun, wanda ke cikin durowa.
- Ka gaya wa direba da maigadi da bakinka: wanda ya ba yaro mota ko ya buɗe masa get, a bakin aikinsa.
- Sai ya cika 18, ya je makarantar koyon tuƙi, ya sami lasisi na gaskiya, ba wanda aka kawo masa gida a ambulan ba.
- Ko ya samu, ya fara da ƙaramar mota, da rana, kana gefensa. Ban da dare, ban da kwasar abokai.
- A ɗaura bel ɗin kujera, gaba da baya.
- Masu biki, ku faɗa tun wajen sa rana: ba wasan mota a kai amaryarmu.
- Idan hatsari ya faru a gabanka, kira 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra. Kar a ɗura wa wanda ya ji rauni ruwa, kar a fizgo shi ta wuya ko a naɗe shi a kujerar keke napep. A ɗauke shi a miƙe, kai da wuya a tallafe.

Bana ma ni ke da aikin dare ranar Sallah da washegarinta. Auduga da bandeji da zaren ɗinki duk mun tanada. Jini ne kullum ke yanke mana, don haka mai lafiyar da zai iya bayarwa ya daure ya leƙo asibiti mafi kusa da shi tun kafin ranar.