Garin ƙarin ƙarfi mai saiklodestirin: me dokar NAFDAC da ta wasanni suka ce a kai?

Ranar Asabar ɗan yayata ya shigo min da wata baƙar roba a leda, yaron yana ɗaga ƙarfe a wani jim nan Birnin Kebbi kuma yana buga ƙwallo, duk burinshi wani kulob ya ɗauke shi. Ya ce Kawu duba min wanga, ta Kamba aka shigo da shi, wai akwai saiklodestirin a ciki shi ya sa yake shiga jini nan take. Naira 25,000 ya biya. Na juya robar nan gaba da baya babu lambar NAFDAC, ranar lalacewa kuma sitika ce aka liƙa a kan wata, da na sa farce sai ga ta tana ɗagowa. Wallahi raina ya ɓaci, ba don kuɗin ba, don na san ba shi kaɗai ba ne, samarinmu da yawa haka suke ɗirkar abin da ba su san kanshi ba.

Shi dai saiklodestirin, wanda a jikin roba za ka ga an rubuta cyclodextrin, ba wani abin tsoro ba ne. Daga sitaci ake yin shi, na masara ko dankali ko rogo, ana sa wani sinadari da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya ya yayyanka sitacin ya haɗe bakinshi ya koma kamar zobe. Wani Bafaranshe mai suna Villiers ne ya fara gano shi a 1891. Iri uku aka fi sani, alfa mai ƙwayar gulukos 6, bita mai 7, gama mai 8. Bayan zoben yana jituwa da ruwa, cikinshi kuma yana karɓar abu mai maiƙo, to sai a cusa abin da ba ya narkewa a ruwa cikin ramin ya ɗauke shi kamar yadda ƙwarya take ɗaukar fura. Nan ne maganar take, ƙwarya ce kawai, doka kuma abin da aka zuba a ciki take fara tambaya.

A Najeriya ƙa'idar ba ta da wani lauje. Akwai dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993, shekarar da aka kafa NAFDAC ɗin kanta, ta ce ba a sarrafa ko shigo da ko tallata ko sayar da ko rarraba abincin da aka sarrafa ko magani sai an yi mashi rajista. Garin jim, ƙwayar rage ƙiba, ruwan ƙarin kuzari, duk sun shiga ciki, ko a shago kake sayarwa ko a sitatus ɗin WhatsApp. Don abu yana da izini a Amurka ko Faransa ba shi ke nufin yana da izini a nan ba, wanda ya shigo da shi sai ya kai NAFDAC ta duba ta ba shi lamba. Hukuncin da ke rubuce ga mutum ɗaya tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko duka biyun, kamfani kuma naira 100,000. Ni a ganina tarar nan ta yi kaɗan ƙwarai a yau, roba biyu irin ta ɗan yayata sun biya ta, amma ɗaurin da ƙwace kaya suna nan ba su je ko'ina ba.

Sai maganar talla, wadda ita ce aka fi takawa. Dokar abinci da magunguna ta hana a tallata wa jama'a wani abinci ko magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, ciwon suga yana ciki, hawan jini yana ciki, ƙiba da rashin ƙarfin maza ma suna ciki. Kuma ko tallan da bai taɓo waɗannan ba sai NAFDAC ta amince da shi kafin a sake shi. To mai cewa garin alfa-saiklodestirin ɗinshi yana maganin suga ko yana narkar da teɓa ya karya doka ko da kuwa kayan nashi na da lamba. Turai ma da suka yarda da alfa ɗin a matsayin abinci tun 2008, abin da suka bari a rubuta ɗan kaɗan ne, wai yana rage tashin suga a jini bayan an ci abinci mai sitaci, shi ma sai in akwai aƙalla giram 5 a kan kowane giram 50 na sitaci. Ba su ce yana warkarwa ba. Don Allah mai ciwon suga kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta mashi saboda wani gari.

Bita kuwa yana da iyaka, kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta abinci ya sa miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, ma'ana mai kilo 70 miligiram 350 ke nan, in ka ga E459 a jikin kaya shi ne. Alfa da gama ba a sa masu adadi ba, sai dai alfa in ya yi yawa yana kumbura ciki. Wani abu kuma da ake rikitawa, garin da ake rubuta wa Cluster Dextrin na wani kamfanin Japan, wannan abincin kuzari ne kawai daga sitacin masara, dangi ne amma ba shi ne zoben da muke magana ba.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ɓangaren wasanni. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, wadda aka kafa a 1999, tana fitar da jerin haramtattun abubuwa duk shekara ya fara aiki ranar 1 ga Janairu. Saiklodestirin kanshi ba shi aka haramta ba. Amma tun wajen ƙarshen shekarun 1990 masu kayan jim suka gano cewa in aka cusa wani sinadari mai suna androstenediol a cikin zoben aka sa a ƙarƙashin harshe yana shiga jini da sauri, jiki kuma ya juya shi zuwa testosteron, wato sinadarin jikin maza mai gina tsoka. Amurka ta hana sayar da irin waɗannan a matsayin ƙarin abinci da dokar 2004, a jerin WADA kuwa androstenediol da danginshi androstenedione da DHEA haramun ne ko ana gasa ko ba a yi. Shi ya sa duk wanda ya ce maka kayanshi na shiga jini nan take, tambaye shi mene ne yake shiga.

Dokar wasanni kuma ba ta jin ban sani ba. In aka gwada fitsarinka aka ga abin, laifi ya tabbata, ko koci ne ya ba ka ko aboki ko ba a rubuta shi a jikin robar ba sam. Irin waɗannan sinadarai dakatarwarsu shekara 4 ce, sai in ka iya nuna ba da gangan ba ne ko kayan ne suka gurɓata sannan a duba ragi, kuma kai ne za ka kawo hujjar, wanda sai kana da ragowar kayan da shaidar inda ka saya. Yaro ɗan shekara 20 a ce ya zauna shekara 4 ai ƙwallo ta wuce shi. Lambar NAFDAC ma ba za ta cece ka a nan ba don ita ba gwajin 'yan wasa take yi ba, akwai magunguna halastattu a kemis da ɗan wasa ba ya sha sai da takardar izini ta musamman.

Na ce wa ɗan yayata kar ya ƙara ko cokali ɗaya kuma kar ya zubar, ya ɗauki hoton robar ta kowane gefe ya ajiye hirarsu da mai sayarwar. Ya ce Kawu to kuɗina fa, na ce ranar Litinin mu fara kai ta ofishin NAFDAC na jiha su gani, daga can mu wuce wajen mai kayan tare.